Ina Neman Mai Bisa

A shekarun da abin nan ya same ni, ni saurayi ne mai jini a jika, ɗan kiwo daga rijiyoyin Dakoro, arewa da Kornaka, kuma in faɗi gaskiya, mai ji da kai. Ban taɓa ganin taron da ya wuce na Kornaka ranar kasuwa ba, amma a zuciyata babu abin da ya rage mini in sani a duniya. Na iya bin sawun raƙumi kwana biyu bayan wucewarsa, na iya jan wasaki, wato gugan fata, daga rijiya mai gaba talatin, in na shafa cikin akuya sai in gaya maka kwana nawa ya rage mata ta haihu. To wanda ya san wannan, me kuma za a koya masa? Yanzu da furfura ta cinye mini gemu, na sa malamin garinmu ya zauna da tawada da alƙalami ya rubuta abin da zan faɗa, don a riƙa karanta wa samarin da ke ɗaure kaya za su ƙasar wasu. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka rage kuma dariyar da suka yi mini ta ishe su.

Bari in fara da al'adarmu, don in ba ku san ta ba za ku ce ni taɓaɓɓe ne, kamar yadda mutanen birni suka ce. A nan wajenmu, in ka ga dabba ita kaɗai babu makiyayi, to ɓata ta yi, in kuwa ka wuce ta, ƙishirwa ko kura za ta gama da ita kafin kwana biyu. Saboda haka wanda ya gan ta, ta zama nauyinsa. Zai sa mata igiya, ya shayar da ita, ya haɗa ta da nasa. In tana da nono ya tatsa ya sha, ladan wahalarsa ke nan, ba mai cewa uffan. Abu ɗaya ne wajibi a kansa, kullum ya je bakin rijiya ya ɗaga murya ya faɗa, don duk labarin ƙasar nan a rijiya yake haɗuwa. Mu kuma dabba bisa muke ce mata, in suna da yawa bisashe. Sai mutum ya tsaya bakin rijiya ya ce yana neman mai bisa, kafin wata ya mutu mai ita ya zo ya faɗi kamanninta ya kora abarsa. Ku riƙe kalmar nan da kyau, don ita ta kusa raba ni da hannuna na dama.

Wata kaka ayarin Buzaye masu gishiri ya sauka a rijiyarmu za su Kano. Madugunsu abokin mahaifina ne, ɗaya daga masu jan raƙumansa kuma ya kwanta ciwo, sai aka ce in maye gurbinsa. Zamanin nan sarakunan Gobir da Maraɗi ba sa shiri da ƙasar da za mu, mahaifiyata ta yi ta kallon zanen fuskata tana cewa da an gan ni za a san daga inda na fito. Ni ko a jikina. Sai da muka tsaya gaban ganuwar Kano na ɗaga kai har rawanina ya kusa faɗuwa, sannan na raina kaina. Ni da na saba in ɗaga ido in ga ƙarshen duniya, sai ga ni cikin lungu, bango hagu bango dama, ga warin marina, ga jakai, ga mutane suna wuce juna ba gaisuwa. Na gai da mutum goma sha kafin mu kai masauki, biyu suka amsa. Abin da ya fi ɗaure mini kai, a garin nan har ruwa sayar da shi ake yi. Tun ranar na yanke wa mutanen birni hukunci a raina, na ce waɗannan suna da dukiya amma ba su da tarbiyya.

Fatomanmu, wato mai gidan da ke saukar da fatake yana sayar musu da kaya, wani dattijo ne mai ƙiba da yawan raha, ya daɗe yana hulɗa da mutanen arewa har ya iya maganarmu. Ya zaunar da ni ya ce ana rufe ƙofofin gari da faɗuwar rana, kada in yarda ta faɗi ina waje. Ya ce in na ga mai jar riga da bulala a kafaɗa, dogari ne, in ba shi hanya, kuma kada in leƙa bayan zauren kowa ko da ƙofa a buɗe take. Daga ƙarshe ya kama kunnensa ya ce duk abin da na gani ban gane ba, in tambaya kafin in taɓa. Na ce to, amma hankalina yana kan tuwon da aka kawo. Washegari shi da madugu suka fita daji inda aka kai raƙuma kiwo, suka ce za su yi kwana huɗu, aka bar ni da tsaron kantun gishiri a garken baƙi da ke bayan gida.

Da hantsi na fita in ga kasuwa. Ban yi nisa ba na ci karo da wata akuya ja, hantsarta cike da nono, ita kaɗai tana cin ɓawon rake a bakin hanya. Na duba gabas na duba yamma, babu makiyayi, kuma mutane sai wuce ta suke yi kamar ba su gan ta ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce kai, wannan gari ko tausayi babu! Na ciro igiyar kaba daga cikin waɗanda nake tuƙawa, na sa mata a wuya. Kafin in kai gida na sake samun wata baƙa mai tsohon ciki tana kwance a inuwar bango, ita ma na haɗa. Ranar farko uku na tsinta, ta biyu huɗu, ta uku biyu, awaki tara ke nan a ɗaure a garken fatoma, ina ba su harawa daga rabon raƙuma, ina jin kaina kamar waliyyi. Mutanen gidan sun gan su, amma sun zaci saye nake yi, tunda baƙi sun saba sayen awaki. Jar nan kuwa safe da yamma ina tatsarta ina damawa da fura, ina cewa lallai nonon birni akwai zaƙi. Abin da ya ba ni mamaki, da rana ta sunkuya sai dukansu su ɓarke da kuka suna fizgar igiya. Na ce kewar garkensu suke yi, Allah sarki, na ƙara ɗaure su da kyau.

Kada ku ce ban cika wajibina ba. Kullum sau biyu nake zuwa babbar rijiyar unguwa inda masu sayar da ruwa ke cika tuluna, in tsaya kan tudu in buɗe murya in ce: "Jama'a, ina neman mai bisa! Wa ya san mai bisa?" Ranar farko suka tsaya suna kallona, wasu suka ɗaga kai suka dubi sama. Wani tsoho daga cikinsu ya sauke tulunsa ya ce da ni cikin ladabi, dukanmu shi muke nema, Allah ya sa mu dace. Na ce a raina, ashe su ma cigiya suke yi, to madalla. Ranar ta biyu wata mata ta aiko mini da waina sadaka, ta ce in sa ta a addu'a. Na cinye na yi mata addu'a, na ce ashe dai akwai na kirki a garin. Ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai in tambayi abin da ya sa suke duban sama ba.

Ranar ta huɗu da safe baƙar akuyar nan ta fara naƙuda, abu ya ƙi. Na duba na ga ɗan ya zo a karkace, in aka bar ta haka ita da abin cikinta duk asara. Na wanke hannu, na shafa man shanu har gwiwar hannu, na sa a hankali na juya shi. Na daɗe ina fama, gumi har ido, sannan Allah ya taimaka ɗa ya fito da rai, ba a jima ba na biyu ya biyo shi. Ina durƙushe ina share musu hanci, hannu duk jini, sai na ji inuwa ta rufe ni. Na ɗaga kai na ga jar riga. Dogari ne dogo, baƙi, mai faɗin kafaɗa, a hannunsa kuma guntuwar igiyata ce. Ashe ɗaya daga cikin awakin ta cinye igiyarta da asuba ta koma gidansu da sauran a wuya, masu awaki kuwa kwana uku ke nan suna kai ƙara wurin mai unguwarsu. Dogarin ya dubi tuƙar igiyar da ƙullinta ya ce wannan ba aikin ɗan gari ba ne, ya yi ta bin gidajen fatomomin mutanen arewa ɗaya bayan ɗaya har ya iso kaina. Ni kuwa da na ga taron da ke bayansa sai na miƙe da murna, na ce alhamdu lillahi, ga masu bisashe sun zo. Marin da ya sauke mini har yau in ana sanyi ina jin wurin.

Aka tasa ni gaba, yara da manya suna ihu ɓarawon awaki, wasu na nuna zanen fuskata suna cewa dama mutanen can haka suke. A ƙofar gidan mai unguwa aka sa ƙafata a turu. Na yi rantsuwa, na yi bayani, na ce tsintuwa na yi, dogarin ya ce shekararsa ashirin yana kamun ɓarayi bai taɓa kama wanda ba tsintuwa ya yi ba. Ya zauna kusa da ni yana cin goro, ya dubi hannuna da jinin akuya ya bushe a kai, ya ce in ƙare masa kallo da kyau, don gobe alƙali zai yi magana a kansa. A nan ne na gane yanke hannu yake nufi. Na tuna wasaki, na tuna igiyar raƙumi, na tuna babu wanda ke jan ruwa a Dakoro da hannu ɗaya, kuma duk inda na shiga da dungu ba sai na buɗe baki ba, an san ko ni wane ne. Na yi kuka, ba na ɓoyewa, kuka sosai irin na yara. Amma dogarin nan, duk da marinsa, shi ya sa aka kawo mini ruwa da fura, shi kuma ya aika daji a kira fatoma, ya ce baƙo ba ya tsayawa gaban shari'a sai da mai gidansa.

Washegari da hantsi aka kai ni gaban alƙali, zaure ya cika maƙil. Masu awaki suka yi ta faɗa, amma wadda ta fi ƙona mini rai wata tsohuwa ce ƙanƙanuwa da jariri goye a bayanta. Ita ce mai jar akuya da baƙar. Ta ce 'yarta ta rasu wurin haihuwa, jaririn nan nonon jar akuyar nan ne abincinsa, kwana uku ke nan tana ɗura masa ruwan koko yana kuka har muryarsa ta dishe. Alƙali ya tambaye ni ko na tatsi akuyar. Na ce na tatsa. Ya ce nonon fa? Na ce na sha. Zaure ya ɗauki salati. Wallahi a lokacin ko yanke hannun aka yi ba zan ce an zalunce ni ba, don ina jin kukan yaron nan a bayanta, ni kuma na san inda abincinsa ya tafi.

Alƙali mutum ne mai sanyin magana. Ya ce tunda na ce tsintuwa ce, na yi shela? Na ce safe da yamma, a bakin rijiya, gaban mutane. Aka aika aka kira tsohon nan mai sayar da ruwa. Da ya gan ni a ɗaure sai ya riƙe baki, ya ce: "Allah gafarta malam, wannan ai bawan Allah ne. Kullum yana tsaye a rijiya yana neman Mai bisa, Ubangijinsa yake nema, bai taɓa yi mana zancen akuya ba." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, shaidata ta zama shaidar masu ƙara. Ana cikin haka fatoma ya shigo yana haki, ƙafafu duk ƙura. Ya nemi a maimaita masa abin da na riƙa faɗa a rijiya, aka maimaita. Dattijon nan ya yi ƙoƙari ya riƙe dariya saboda darajar wurin, ya kasa, ya zauna daɓas yana share hawaye. Da ya samu numfashi ya bayyana wa alƙali cewa a bakin mutanen arewa bisa dabba ce, mai akuya yaron nan ke nema kwana uku, su kuma suna nuna masa sama. Ya kuma ba da labarin al'adarmu tun daga igiya har nono. Dariya ta fara daga bakin ƙofa ta zagaye zauren, har dogarin ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Matar da ta ba ni waina kuwa, na ji daga baya, ta ce a dawo mata da wainarta.

Alƙali ya bari aka natsu, sannan ya tambayi masu awaki ɗaya ɗaya a ina kowa ya ɗaure tasa ranar da ta ɓata. Babu wanda ya ɗaure, kowa sakinta ya yi da safe kamar kullum. Ya tambayi dogari ko a ɓoye ya same su ko a fili, ya ce a fili, ga harawa a gabansu, ga kuma wanda ake ƙara a durƙushe yana karɓar haihuwa. Duk da haka wasu suka dage, suka ce wauta ba ta wanke mutum, kuma ɗan ƙasar abokan gaba ne, a yi masa abin da zai ji a jikinsa. Sai tsohuwar nan ta matso ta ce in miƙo hannun ta gani. Na miƙa. Ta juya shi gaba da baya kamar mai tayin ƙwarya, ta ce baƙar akuyarta sau biyu tana haihuwa 'ya'yan na mutuwa a ciki, bana ne kawai ta ga biyu a tsaye. Sannan ta dubi alƙali ta ce: "Hannun da ya sha nonon marayana shi ya fito mini da tagwaye. In kuka yanke shi, wa zai yanko musu ciyawa?"

Hukuncin ke nan. Alƙali ya ce abin da aka ɗauka a kan hanya, aka ajiye a fili, aka yi masa shela ko da da harshen da ba a ji ba, ba satar yanke hannu ba ce. Amma yunwar da na sa maraya sai na biya ta da gumina: kullum in fita bayan gari in yanko wa awakin tsohuwa ciyawa har ranar da ayari zai tashi, dogari kuma ya sa ido a kaina. Da yammacin ranar dogarin ya ja ni wata mararraba ya ce in tsaya in buɗe idona. Rana na sunkuyawa sai ga awaki suna fitowa daga kowane lungu, daga kasuwa, daga bakin kududdufi, babu mai kora babu mai kira, kowace ta nufi ƙofarta ta shige zaure. Wata ta tarar an tura ƙyaure, ta sa kai ta buga har aka buɗe mata. Ashe duk garin nan babu wanda ya ɓata sai ni.

Kwana arba'in da 'yan kai na yi ina aikin ciyawa, kuma su ne kwanakin da na fi jin daɗi a birnin. Tsohuwa ina ce mata Inna, ita kuma ba ta taɓa kirana da komai ba sai ɓarawona, tana faɗa tana zuba mini tuwo har in ce ya isa. Jaririn ya murmure ya yi kumatu, in na shigo da dami sai ta ce masa ga wanda ya cinye maka abinci ya zo. Dogarin ya zama abokin tafiyata. Shi ya koya mini lungunan gari, da wa ake durƙusa wa, da inda ake kai tsintuwa, wato gidan mai unguwa, wanda shi ke sa a yi cigiya. Na gane mutanen da na ce ba su da tarbiyya suna da tasu, ni ne ban san ƙofarta ba. Sai dai bai bar ni na huta ba. Duk akuyar da muka gani sai ya dafa ni ya ce ga bisa can ta ɓata, ko zan taimaka? Masu ruwa kuma in na wuce sai su nuna sama su ce ko an dace.

Bayan shekaru masu yawa wani bafatake daga Kano ya sauka a rijiyarmu ta Dakoro. Cikin hira ya ce ya wuce wani ɗan raƙumi shi kaɗai a daji rabin yini daga nan. Aka ce ina yake? Ya ce ya bar shi, ai ba nasa ba ne, da yamma zai koma gida. Samari suka taso masa, wasu har da sanda, suna cewa wane irin marar imani ne wannan. Na shiga tsakani na ce kowa ya ajiye sandarsa, mutumin nan a garinsu abin da ya yi shi ne mutunci. Na hau raƙumi muka je da shi muka ɗauko ɗan raƙumin da sauran numfashinsa, a hanya na ba shi labarin nan, ya yi dariya har ya kusa faɗowa.

To ku samari masu shirin tafiya, abin da nake so ku ɗauka ke nan. Ban yi sata ba, ban yi nufin cuta ba, alheri na yi irin wanda uwata ta koya mini, amma alherin nan ya sa maraya kuka kwana uku, kuma har yau in na tuna sai in ji fura ta fita raina. An gaya mini in tambaya, girman kai ya hana ni. In kun shiga ƙasar da ba taku ba kuka ga kowa na wuce abu bai taɓa ba, kada ku ce duk garin ne ba su da hankali sai ku. In kuka yi magana kuka ga mutane na duban sama, ku tsaya ku tambayi me suka ji. Hannuna na dama yana nan, da shi na ja ruwa shekara arba'in, da shi na ɗauki jikokina. Ba wayona ya bar mini shi ba, wata tsohuwa ce da ke buƙatar ciyawa.